Masara Ashirin da Uku a Ruwan Kamu

Daga ƙofar gidan Regina Udensi zuwa bakin tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan taku ɗari huɗu da sittin ne, in mutum bai tsaya gaisuwa ba. Ita kuwa sai ta tsaya. Shekara goma sha tara ta yi tana wannan tafiya da kwandon masara a ka, kaskon gawayi a hannu, kujerarta 'yar tsugunno a hammata. A kwatas ɗin ma'aikatan jirgi aka haife ta, ubanta mai zuba wa inji gawayi ne da ya zo daga Gabas. A gida Ibo take yi, a kasuwa Hausa, a coci kuma duk wanda ya fara zuwa bakinta. Mijinta Aloysius fita ne, wato makanikin inji, a loko, inda ake gyaran kawunan jirgi, kuma a 1987 ya ajiye aiki. 'Yarsu ɗaya, Ezinne, shi ya sa gari duka ke kiranta Maman Ezinne.

Masu gasa masara a tashar nan sun kai tara, amma layin da ke gaban Regina ya fi na kowa, kuma ba don ta fi su iya fifita wuta ba. Masararta ce daban. Wata rawaya ce, gajera, mai layin ƙwaya goma sha biyu, wadda matan kwatas suka daɗe suna shukawa a bayan loko har sunan wurin ya bi ta, ana ce mata 'Yar Loko. Tana da zaƙi, tana da taushi, kuma ko ta huce ba ta komawa dutse. Fasinjan da zai wuce Fatakwal sai ya miƙo hannu ta taga ya karɓi huɗu, ya ce biyu na yanzu, biyu na hanya.

To, ita wannan masara tana da rauni guda. Akwai cutar da ke ja wa ganye zane-zane rawaya, kamar an bi shi da alli, karan ya tsugune, goyon ya fito kamar yatsa. Wasu ƙananan ƙwari masu tsalle a ciyawa ke kawo ta, kuma ta fi cin shukar da aka yi a makare. Mai gasa masara kuwa ba ta da zaɓi, dole ta yi shuka ta biyu in tana son ɗanyar masara har Oktoba. A daminar 1987 Regina ta shuka tushe ɗari tara, ta samu goyo ɗari da arba'in da za a iya ɗorawa a waya ba a ji kunya ba.

A shekarar malamin gona ya kawo sabon iri, fari, dogo, wanda cutar ba ta kulawa. Matan kwatas suka karɓa hannu biyu. Regina ma ta shuka, ta gasa. Mutum na uku da ya saya, wani direban tifa ne, ya gatsa sau ɗaya ya dawo.

"Madam, wannan masara ce ko tsakuwar layin dogo?"

"Ka tauna a hankali mana, ina kake sauri?"

"Haƙorin nan guda talatin ne suka rage mini. Ba ni kwakwa kawai."

Tun daren ranar ta ƙudurta abin da za ta yi. Tun tana budurwa ta taɓa yin damina biyu tana aikin yini a wata gonar gwaji da ke hanyar Kagoro, kuma a can aka koya wa hannunta wani aiki da ba a gaya wa kanta dalilinsa ba. Masara, in ba ka sani ba, namijinta da macenta a kara ɗaya suke. Namijin shi ne bununin da ke can sama, mai zubo da gari rawaya da hantsi. Macen ita ce gemun da ke leƙowa daga bakin goyo, kuma kowane silin gemu ƙwaya ɗaya ce in garin ya faɗa masa. Iska ce ke ɗaura musu aure, ita kuwa ba ta tambayar dangi. Abin da aka koya wa Regina shi ne ta riga iska. A rufe goyo da jakar takarda tun gemu bai fito ba, a rufe bununin wanda ake so ya zama uba da wata jakar, washegari in raɓa ta bushe a kaɗo garin, a zuba a gemun, a sake rufewa.

Ta tare malamin gona a kan babur ɗinsa ta yi masa tambaya uku. In na aurar da fari da rawaya, 'ya'yan za su ɗauko ƙarfin farin? Ya ce za su ɗauko, su kuma ɗauko taurinsa. In na mayar da 'ya'yan ga rawaya fa? Ya ce rabi za su riƙe ƙarfin, rabi su yar, taurin kuma ya ragu. Yaya zan gane masu riƙewa? Ya yi dariya ya ce sai cutar ta zo ta nuna mata da kanta. Ya tayar da babur ya tafi, bai san ya ba mace aikin damina bakwai ba.

A 1988 ta fara. Aloysius ya yanka mata jakunkuna daga takardar buhun siminti, duk tsawonsu ɗaya, don shi mutum ne da ko kifi zai yanka sai ya auna. Ta rufe goyo talatin, sha tara suka kama. A 1989 ta shuka 'ya'yan, suka fito kore shar, amma a baki rabi da rabi ne, ba zaƙi ba tauri. Ta mayar da su ga 'Yar Loko. Abin da ya fito a 1990 kashi uku cikin huɗu na jininsa rawaya ne. Na 1991, bakwai cikin takwas. Na 1992, goma sha biyar cikin goma sha shida. Kowace shekara da gangan take makara, sai Agusta take shuka, kuma a gefen ciyawa, inda ƙwarin suke. Maƙwabta suka ce Maman Ezinne ta fara taɓuwa, kowa na gudun cuta ita tana yi mata shimfiɗa. In zanen ya fito sai ta bi layi tana tugewa. Ɗari uku ta shuka a 1990, ta tuge ɗari da hamsin da tara, ta bar ɗari da arba'in da ɗaya.

Abin da ya fi ba ta wahala shi ne fatar ƙwaya. Ƙarfin jure cuta da kaurin fata sun zo mata kamar tagwaye, duk inda ɗaya ya shiga ɗayan na biye. Damina uku tana gasa goyo ɗaya-ɗaya tana gatsa, har ta samu tushe huɗu da suka riƙe ƙarfin suka saki fatar. Daga waɗannan huɗun komai ya fito.

Kafin nan duniya ta canja a kanta. Jirage sun ragu, wani makon ma ba a ganin ko ɗaya, ta kwashe kaskonta ta koma tashar mota. Matan kwatas duk sun koma farar masara, kuma garinta ya bi iska ya shiga ɗan abin da ya rage na tsohon iri. Zuwa 1992 babu sauran 'Yar Loko tsantsa a Kafanchan. Wato in abin da ke hannun Regina ya salwanta, babu inda za a koma a faro.

A hutun Ista na 1994 Ezinne ta zo daga Zariya, inda take karatun kimiyyar tsirrai. Ta tarar da uwar tana jera kwalaben iri, ta zauna ta duba littafin da ake rubuta lambar kowane goyo.

"Mama, kin san abin nan da kike yi shekara da shekaru, a ƙasashen waje sun fara yinsa a ɗaki? Suna ciro hali guda daga cikin ƙwayar halittar wani abu, su sa shi a cikin shuka. Wanda suke so kaɗai, ba tare da kaurin fata ya biyo ba."

Aloysius ya sauke rediyonsa daga kunne. "Yawwa. Aikin fita ke nan. Noti ya lalace, ka kwance shi, ka ɗaura sabo. Ba sai ka aurar da inji biyu ka jira su haihu ba."

"Ba haka da sauƙi ba, Papa. Kai kana ganin ramin notin. Su harba shi suke yi, ba su san inda zai sauka ba. Wani ya sauka ya yi shiru, wani ya ɓata abin da ya tarar. Cikin ɗaruruwa sai a samu kaɗan da suka yi daidai. Ga injinan ba kowa ke da su ba, ga mutane na tambaya ko lafiya ne a ci."

Regina ta toshe kwalba da tsumma. "To waɗanda ba su yi daidai ba, yaya suke yi da su?"

"Zubarwa."

"Ashe su ma tugewa suke yi," in ji ta. "Miƙo mini waccan."

A daminar ta shuka duk irin da ke kwalaben, layi-layi, kowane goyo da layinsa. Layukan da ko tushe ɗaya ya yi zane ta bar su ga kasko. Daga waɗanda suka tsaya tsaf ta aurar da hannu, ta girbe goyo ashirin da uku. Ta ɗaura wa kowanne ƙyalle mai lamba, ta rataye su a saman murhu hayaƙi ya tsare su daga ƙwari. Ta wanke kwalabe ashirin da uku, ta zuba toka a cikinsu, ta jera a saman kantar ɗaki, da niyyar in ta samu sarari ta murje kowane goyo a kwalbarsa. Sararin ne bai samu ba. Ranar Asabar ta biyu a Nuwamba aka aiko uwar ƙawarta ta rasu a Zonkwa, ta ɗauki gyale ta tafi.

Lahadin kuwa ranar godiyar girbi ce a cocinsu. A ranar kowane gida na kawo amfanin gonarsa gaban bagadi, Fada ya sa albarka, bayan sujada a fito waje a yi gwanjon kayan don aikin coci. Abin da kowa ya tashi da shi tun yana yaro shi ne ba a kai wa Ubangiji saura, mafi kyau ake kaiwa. A shekarar kuma Aloysius ne shugaban kwamitin maza, shi zai shiga gaba. Regina ta bar masa doya goma da kwandon masara. Ya duba kwandon, ya ga ƙananan goyo, wasu da giɓi. Ya ɗaga kai ya ga waɗanda ke saman murhu, rawaya kamar an shafa musu manja, layi a miƙe. Bai yi garaje ba, a ganinsa. Ya je kanta ya ƙirga kwalabe, ashirin da uku, duk a toshe, duk da toka. Ya ce to, an riga an ɗebi iri, waɗannan ragowa ne. Ya sauke su, ya kwance ƙyallayen don kada su ɓata kwalliya, ya ninke su a gwangwani, ya ɗaure masarar da jan zare. Da ya ratsa tsakiyar coci da ita a kafaɗa, har mata suka yi guɗa.

Motar farko daga Zonkwa ta sauke Regina ƙarfe bakwai da rabi na safiyar Litinin. Ta shiga kicin ɗora ruwa, ta ɗaga kai. Saman murhu wayam. Sannan ta fito tsakar gida, inda Aloysius ke goge kekensa.

"Baban Ezinne, ina masarar da ke saman murhu?"

"Ai da kin ga yadda ta yi a coci. Fada da kansa ya ɗaga ta."

"Ina take?"

Ya bar tsumman. "Ba kin ɗebi iri ba? Na ga kwalabe."

Ta shiga ta ɗauko kwalba ɗaya, ta cire toshiyar, ta juye a tafin hannunsa. Toka ce zalla. Ya dubi tokar, ya dubi matarsa.

"Wa ya saya?"

"Angelina," ya ce a hankali. "Angelina mai kamu."

Ba ta yi faɗa ba. Waɗanda suka san ta sun ce da ta yi faɗan da ya fi masa sauƙi. Ta ce ya fito da keken, ta hau baya, abin da rabonta da yi tun suna amare.

Angelina 'yar Bajju ce, uwar Rufus, tare suke zumuntar mata da Regina a coci, kuma sana'arta kamu, wanda masu koko ke saye a wurinta kowace safiya. Suka same ta a bayan gida tana tace na jiya. A gefenta ga wata babbar roba, an rufe da faranti.

"A'a, Maman Ezinne, kin dawo? Yaya mutanen Zonkwa, yaya haƙuri? Kin ga maigidanki jiya kuwa? Kamar ango."

"Maman Rufus, masarar da kika saya. Kin niƙa?"

"Ina, sai ya kwana uku a ruwa. Ga shi nan. Masara mai albarka, na ce zai ba kamu na launi."

Regina ta ɗaga farantin. Ƙwayoyin na kwance a ƙarƙashin ruwa, rawaya a cakuɗe da fari, sun fara kumbura. Ta tsoma hannu. Ruwan ya yi sanyi.

"Yaushe kika jiƙa?"

"Jiya da yamma, wajen ƙarfe biyar. Na murje, na haɗa da mudu uku na fari. Lafiya dai?"

"Da wane ruwa?"

Angelina ta dubi Aloysius, wanda ya tsaya riƙe da keke yana kallon ƙasa. "Yadda nake yi kullum. Tukunya ɗaya na zafi, bokiti ɗaya na sanyi, don ya yi saurin laushi."

"Wanne kika fara zubawa?"

"Na zafin." Ta ajiye matacin. "'Yar'uwa, kada ki ce mini wannan ne irin nan naki da ake magana."

"Shi ne."

"Wayyo Yesu. To kai, Baban Ezinne, shekara nawa kana cin abinci a gidanka ba ka san tukunya ba?"

Regina ta ce a bar wannan, a kawo tabarma. Suka tsiyaye ruwan, suka baza masarar a inuwa, su uku suka zauna tsince rawaya daga fari. Angelina ta tura masu sayen kamu gidan wata. Awa biyu da minti arba'in suka yi. Regina ta auna da gwangwanin madara, ya ba ta goma sha uku. Ta ƙirga gwangwani ɗaya ƙwaya-ƙwaya, ɗari huɗu da hamsin. Dubu biyar da ɗari takwas da hamsin ke nan, kuma ba mai iya cewa wacce ruwan zafi ya dafa, wacce ya ƙyale. A ido duk ɗaya suke. Lambobin kuwa sun riga sun tafi, 'ya'yan goyo na ɗaya sun gauraya da na ashirin da uku.

"A shanya su bushe," in ji Aloysius. "Damina in ta zo a shuka."

"Wata shida. Ƙwayar da ta sha ruwa awa goma sha biyar ta riga ta farka. Wadda wuta ta taɓa rabi, in na mayar da ita barci ba za ta sake tashi ba. Yau za su shiga ƙasa."

"A Nuwamba? Da wane ruwan?"

Regina ta san mutum ɗaya mai ruwa. Malam Babayo Bafulatani ne da ya daɗe da zama a hanyar Madakiya, mil uku daga gari, yana da 'yan shanu, yana kuma da lambu a bakin rafin da ba ya ƙafewa. Matarsa Nene takan sauke ƙwaryar nononta kusa da kaskon Regina a tashar mota, shekara shida suna raba inuwa ɗaya. Suka ƙulle masarar a jiƙaƙƙen buhu suka kama hanya, Angelina ma ta ɗaura zane ta biyo su a ƙafa.

Suka tarar da Babayo yana gyaran fili, ya riga ya kafce, ya zuba taki, yana jiran ya dasa albasa ranar Laraba. Ya saurari labarin tun daga farko bai katse ba. Ya ɗebi ƙwayar ya shinshina.

"Tana warin koko," ya ce.

"Na sani, Malam."

"Nawa za su fito?"

"Ban sani ba. Wataƙila babu."

"To in babu, na yi asarar kwana goma na albasa, ba wani abu ba ne. In sun fito fa?"

"Sai Maris za ka ga filinka."

Ya shafa gemu, ya dubi wajen da Nene ke tsaye. Ta ce masa wani abu da Fulatanci, gajere. Ya yi murmushi.

"Ta ce albasa ba ta taɓa tsare mata ƙwarya in ta tafi salla ba. Ɗauki daga bishiyar nan zuwa shinge, Maman Ezinne. Amma ruwa naku ne, ni bayana ya tsufa."

"Ruwa nawa ne," in ji Aloysius.

Ya ciro zaren awonsa daga aljihu, ya ja layi ashirin da biyar, kowane layi rami talatin da tara. Rami ɗari tara da saba'in da biyar, ƙwaya shida a kowanne, babu ragi babu saura. Kafin la'asar sun rufe na ƙarshe. Filin ya sha garwa sittin kafin ya jiƙe, kuma daga rafi zuwa tsakiyarsa taku saba'in ne.

Sai jira. A damina masara kwana huɗu take yi ta huda ƙasa, amma yanzu sanyi ya shigo, ƙasa ba ta ɗumi sai rana ta ɗaga. Kowace safiya Aloysius na tuƙa keke, Regina na baya, kasko kuma ya huta a gida. Rana ta huɗu babu komai. Rana ta biyar ta kasa haƙuri, ta tone rami uku da yatsa. Ƙwaya goma sha takwas, duk sun ruɓe, suna yauƙi. Ta mayar da ƙasar ta rufe, ta wanke hannu a rafi, ta zauna a kan dutse.

Aloysius ya sauke garwa ya zo ya tsaya kusa da ita.

"Regina."

"Na'am."

"Da na buɗe kwalba ɗaya."

"Da ka buɗe. Ni ma da na murje su tun makon da na wanke kwalaben." Ta matsa masa a kan dutsen. "Zauna ka huta. Saura garwa nawa?"

"Ashirin da biyu."

Rana ta shida ma haka. Nene ta kawo musu fura, ba wanda ya yi maganar masara. Babayo ya zo ya duba filin, ya koma wajen shanunsa, bai ambaci albasa ba.

Rana ta bakwai, tun kafin su jingine keke, suka hango Babayo tsugune a layi na goma sha huɗu da sandarsa a kafaɗa. Bai ɗago ba, da yatsa kawai ya nuna. Wani ɗan tsiro ne kore, a nannaɗe kamar bakin allura, da ɗigon raɓa a kansa. Regina ta bi layukan a sunkuye daga na farko har na ƙarshe, ta samu goma sha ɗaya. Washegari casa'in da shida. Rana ta goma ɗari uku da goma sha biyu. A rana ta goma sha biyu ta ƙirga sau biyu, safe da yamma, lissafin bai motsa ba, ɗari uku da arba'in da huɗu. Ɗaya cikin goma sha bakwai ke nan. Wasu ramukan uku suka fito tare, wasu layukan kusan rabinsu fayau.

"Sun isa?" in ji Babayo.

"Sun isa. Da huɗu na taɓa farawa."

"To in sun yi, ina son mudu ɗaya. Nene ta dame ni da labarin zaƙinta."

"Ba bana ba, Malam. A rani cutar ba ta zuwa, ba zan san mai ƙarfi da marar ƙarfi ba. Sai na kai su damina na shuka a makare, na sake ba kowane goyo lamba. Ka ba ni shekara biyu."

"Shekara biyu. Ke da saniya ba ku da bambanci, komai sai an jira."

Angelina, wadda ta zo da ƙosai a leda, ta ce ita dai a sa ta a layi bayan Malam, kuma ta yi alkawari wannan karon da ruwan sanyi za ta fara. Regina ta yi dariya, karo na farko a kwana goma sha biyu. Sannan ta juya ga mijinta.

"Baban Ezinne, daga yau zuwa girbi kwana ɗari ne. Ramukan da ba su fito ba mun daina ba su ruwa, garwa arba'in za ta isa a yini. In kara ya girma a koma sittin."

Ya ɗan motsa leɓe yana lissafi. "Dubu biyar, ko kusa."

"Ko kusa."

Ya cire agogonsa ya miƙa mata, ya naɗe ƙafar wando, ya ɗauki garwa biyu ya gangara rafi.